Yadda Ake Tsara Manga ta Abokan Tafiya Masu Ƙetara Duniyoyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa da asuba a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield ko Bukuru da ke yankin Jos, lokacin da hazon hunturu ya kwanta a kan ruwa har ba a hango ɗaya gaɓar, ya san cewa ba sai ya je Japan ba kafin ya sami ƙofar shiga wata duniya. Wannan bayani na matasan da ke karanta manga a waya ne, waɗanda hannunsu ya fara faɗawa da zane, suke kuma son su ƙirƙiri tasu da Hausa, wato labarin wasu abokan tafiya da ke fita daga wannan duniya su faɗa waccan suna bin wata buƙata. Manga dai labarin zane ne irin na Japan, galibi baƙi da fari, wanda ake fara bugawa babi-babi a mujallu irin su Weekly Shonen Magazine da ta fara fita a 1959 da Shonen Jump da ta biyo baya a 1968, daga baya a tattara babukan a yi littafi. Labaran shiga wata duniya sun yi yawa a can har sun sami sunan kansu, ana ce musu isekai.

Mataki na farko: rage buri

Kusan duk wanda ya kawo mini irin wannan labari yana zuwa ne da taswirar duniyoyi 12 da sunayen sarakuna 40, amma babu shafi ɗaya da ya kammala. Masu zanen Japan da ke fitar da shafi kusan 20 duk mako suna da mataimaka, suna da edita a kansu, kuma da yawansu da gajeren labari mai babi ɗaya suka fara. Kai ma ka fara da shafi 32, wanda ya ƙunshi barin gida, da ƙetarawa sau ɗaya, da duniya ɗaya tak, da abin da ya sami abokan a cikinta. Idan kana gama shafi ɗaya cikin kwana 2, zanen kaɗai zai ci kwana 64, ban da rubutu da gyara, saboda haka ka ɗauka cewa aikin wata 3 ne ga mai karatu ko mai zuwa kasuwa. Dalilin zaɓen 32 zai bayyana idan mun zo wajen bugu.

Mataki na biyu: buƙata da kuɗin fito

A nan labarin yake rayuwa ko ya mutu, don haka zan daɗe a kai. Kafin ka zana ko da ido ɗaya, ka amsa tambayoyi uku a rubuce: me suke nema, me ya sa ba za su iya fasawa su koma gida ba, kuma me ƙetarawa take ci musu. Tambaya ta ukun ita ce masu farawa suke tsallakewa. Idan ƙofa tana buɗewa duk lokacin da jarumi ya ga dama, to babu haɗarin da zai tsorata mai karatu, domin ya san cewa da zarar wuta ta yi zafi za su yi tsalle su bar garin.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a haifi manga. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, ba sa haye kogi sai sun biya fito, ba sa ratsa ƙasar wani sarki sai sun ajiye wani abu, kuma tafiyar takan ci watanni. Ka ari wannan tsari kai tsaye. Kowace duniya zango ce, kowace ƙofa mashaya ce mai ɗan fito, kuma abin da ake biya ya zama abin da ba a iya saye a kasuwa.

Bari in kafa misali da zan riƙa komawa gare shi har ƙarshe. Hadiza, yarinya 'yar shekara 15 daga unguwar Dilimi a Jos, kakanta ya rasu ya bar mata gafaka ɗinkakkiya wadda wani baƙo ya ba shi ajiya shekaru da yawa, tare da wasiyyar a mayar wa mai ita. Mai ita kuwa ba a wannan duniya yake ba. Ƙofar tana ƙarƙashin wani tsohon kududdufin kuza, ba ta buɗewa sai da asubar hunturu idan hazo ya rufe ruwa. Ɗan fiton ba ya karɓar kuɗi, kalma yake karɓa: duk ƙetarawa, mutum ɗaya daga cikin ayarin zai ba da kalma ɗaya daga bakinsa, kuma har abada ba zai ƙara iya furta ta ba. Ka lura da abin da wannan doka ta ba mai zane. Duk lokacin da mutumin ya so faɗin kalmar, sai a bar gurbinta fari fat a cikin kumfar maganarsa, wato da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki, mai karatu ya ga giɓin da idonsa. Yaron da ya ba da «haƙuri» a ƙofar farko, yana ganin ya yi wayo ya ba da kalmar da ba ya amfani da ita, zai zo wurin da ita kaɗai za ta gyara tsakaninsa da abokiyar tafiyarsa. Dokar da ake iya gani a takarda ta fi dokar da sai an yi dogon bayani a kanta, domin manga da ido ake fara karanta ta.

Ka rubuta dokokinka a shafi ɗaya, kada su wuce 4 ko 5, ka liƙa a bango inda kake zane. Ba laifi ba ne jarumai su yi dabara su zagaye doka, amma ranar da kai marubuci ka karya ta don ka fitar da su daga tsaka mai wuya, ranar mai karatu ya daina yarda da kai.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a gefe, tunda a Jos muke. Siddabarun da ke cikin labarinka ya zama naka na ƙirƙira. Kada ka ɗauko ayar Alƙur'ani ko addu'a ka mayar da ita kalmar buɗe ƙofa, kada ka zana annabawa ko mala'iku, kuma kada ka yi wa mugayen labarinka kamannin wata ƙabila ko mabiya wani addini na garin nan. Garin ya sha wahalar da ta ishe shi. Tatsuniya ta bar mana Dodo da Gizo da Ƙoƙi da tsohuwar da ake gamuwa da ita a bakin rafi tana neman a cuɗa mata baya, kuma waɗannan sun isa a gina duniya a kansu ba tare da an taɓa abin da mutane suke girmamawa ba.

Mataki na uku: haɗa ayari

Ayarin fatake yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba ya san hanya, da uban dawaki mai tattara abin da za a biya a kan hanya, sau da yawa har da malamin da ke riƙe da lissafi. Wannan rabon aiki ya fi maka amfani a kan ka tara jarumai 6 waɗanda duk gwanayen faɗa ne. Don shafi 32, mutum 3 da dabba ɗaya sun wadatar. A misalinmu Hadiza ce mai amana, ita ce madugu ko da ba ta so. Dung, yaron Bukuru wanda ya tashi yana kamun kifi a kududdufan, shi ne jagaba, kuma ya biyo ta ne don yana neman yayansa da ya nutse ba a ga gawarsa ba. Baba Sallau, tsoho mai sayar da kayan gwangwan, ya taɓa yin tafiyar, kuma ƙarancin maganarsa da ake ɗauka miskilanci ne, ashe kalmominsa ne suka ƙare a ƙofofi. Sai jakinsu, wanda shi ke ɗauke da kaya da kuma raha.

Abin da za ka tabbatar shi ne kowannensu yana da dalilin tafiya nasa na kansa, kuma dalilan suna iya cin karo. Ranar da hanyar mai gafaka ta yi gabas, labarin yayan Dung ya yi yamma, ranar ce ka sami babi mai daɗi. Ka kuma rubuta yadda kowa yake kiran kowa. Hadiza ba za ta kira tsohon da sunansa ba, Baba za ta ce, shi kuma ya ce mata 'yar nan ko jikata. Hausar Dung ta Jos ce, ta bambanta da ta Kano, kuma ya dace a ji hakan a bakinsa, amma da mutunci, ba don a mayar da shi abin dariya ba.

Mataki na huɗu: gina zango

Duniya ba ta zama duniya don an canja launin sama ko an ƙara wa mutane kunne. Ka ɗauki abu ɗaya da muka saba da shi ka juya shi, sannan ka bi sawun abin da juyin zai haifar a kasuwa da cikin gida da fada. A ce a zangon farko ana auna arzikin mutum da tsawon inuwarsa, kuma ana iya sayar da ita. To kasuwa za ta ci ne da hantsi da la'asar, tsakar rana kowa ya ɓuya don kada a ga talaucinsa, masu kuɗi za su gina gidaje ba rufi, kuma baƙi uku masu cikakkiyar inuwa za su zama abin farauta. Daga juyi ɗaya ka sami gine-gine da sutura da rikici. Sharaɗin kawai shi ne matsalar zangon ta taɓa raunin ɗaya daga cikin abokan, in ba haka ba yawon buɗe ido suka je.

Wajen siffar wuri, Jos ta gama yi maka gata. Ka ɗauki littafin zane ka je duwatsun Shere, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,800, ka zana yadda manyan duwatsu suke hawa kan juna. Ka je Riyom ka ga dutsen da ya tsaya kamar an ɗora shi da hannu, ka je Assop ka koyi yadda ruwa ke faɗowa. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da sassaƙen yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok masu idanu kamar kusurwa uku da kitso iri-iri, kuma kusa da shi akwai wurin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya, inda za ka zauna ka zana zanko da soro da bakan gizo na rufin ɗaki a natse. Shingen ƙerana da ke kewaye gonakin ƙauyukan Filato, idan ka ninka tsayinsa sau goma, ya zama dajin wata duniya. Mai zanen da ya kwafi fadar Turai daga wata manga ya ba mu abin da muka riga muka gani sau ɗari.

Mataki na biyar: raba labari a shafuka

Jafanawa suna da tsohon tsarin labari mai gaɓa huɗu da suke kira kishotenketsu: gabatarwa, faɗaɗawa, juyi, ɗaurewa. A shafi 32 ni nakan ba gabatarwa shafi 6, faɗaɗawa 12, juyi 9, ɗaurewa 5, kuma wannan ra'ayina ne, ba doka ba. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne a kai bakin ƙofa kafin shafi na 8. Labarin rasuwar kaka da zaman makoki, komai taɓa zuciyarsa, ba shi mai karatu ya zo nema ba.

Sai ka yanke ta inda za a fara karatu. Manga ta Japan daga dama ake buɗe ta zuwa hagu, saboda rubutunsu daga sama yake sauka, layuka kuma suna tafiya daga dama. Wanda ya yi makarantar allo ko yake karanta ajami ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai idan da boko za ka rubuta maganganun, idon mai karatu yana tafiya daga hagu zuwa dama a cikin kumfa, kuma tilasta masa ya bi akwatuna, wato gidajen zanen da aka raba shafi da su, ta ɗaya ɓangaren wahala ce marar dalili. Shawarata ka bi hagu zuwa dama. Haka kuma kumfar maganar Jafanawa doguwa ce a tsaye, taka kuwa dole ta yi faɗi a kwance, don haka kada ka kwafi siffarta.

Yanzu sai abin da suke kira nemu, wato zanen gwaji na dukan babin. Ka ninke farar takarda gida biyu, kowane ɓari ya zama shafi, ka zana akwatuna da mutane kamar tsinke, ka rubuta maganganun a wurarensu. A nan ake yin ainihin aikin, kuma a nan gyara yake da arha. Akwati 5 zuwa 7 a shafi sun isa, sai ka rage su inda kake son numfashi. Ratar da ke tsakanin jeri da jeri ta fi ta tsakanin akwatunan jeri ɗaya faɗi, domin ido ya gama jeri kafin ya sauka. Wanda zai fara magana ya tsaya ta hagu. Duk lokacin da aka shiga sabon wuri, akwatin farko ya nuna wurin daga nesa kafin a matso kan fuskoki.

Ka kula da juya shafi, domin shi ne makamin da fim ba shi da shi. A littafin da ake karantawa daga hagu, shafi na 1 yana dama, saboda haka duk shafi mai lamba mara tana dama, mai lamba cika tana hagu. Abin mamaki ka ajiye shi a shafin hagu, inda sai an juya za a gan shi, akwatin ƙarshe na shafin dama kuma ya zama ƙugiya: Hadiza ta ɗaga kai, idonta ya fito, ba a nuna abin da ta gani ba. Zane mai cin shafi biyu dole ya fara a lamba cika, kuma a littafi mai shafi 32 da aka ɗinke a tsakiya, shafi na 16 da na 17 takarda ɗaya ce ba yanka, don haka nan ya fi dacewa da babban hoton sabuwar duniya ko na juyin labari.

Idan ka gama nemu, ka miƙa wa mutum biyu da ba su san labarin ba, ka yi shiru kana kallon fuskarsu. Inda suka koma baya suka sake karantawa, akwai matsala a wurin. Kada ka yi musu bayani da baki, domin ba za ka bi kowane kwafi gida ba.

Mataki na shida: siffar mutane

Kowane ɗan ayari ka yi masa takarda guda: gaba, gefe, baya, da fuska a yanayi kamar 6, sannan ka jera su duka a layi ɗaya don a san wa ya fi wa tsawo. Babban mutum tsawonsa yakan kai kansa sau 7 zuwa 8, matashi sau 6 zuwa 7. Ka cika siffofinsu da baƙi gaba ɗaya ka duba ko za a gane kowa daga inuwarsa kaɗai. Idan Hadiza da Dung sun rikice, ka canja ɗaurin ɗankwali, ko ka ba shi kwando a baya, ko ka ranƙwafar da Baba Sallau. Wajen sutura ka tausaya wa kanka. Aikin aska takwas a babbar riga yana da kyau a zane ɗaya, amma za ka maimaita shi fiye da sau 100, don haka ka taƙaita shi zuwa layuka kaɗan da ido zai gane.

Baƙar fata a zanen baƙi da fari tana buƙatar tunani, domin littattafan koyon manga ba da mu aka rubuta su ba. Hanya ɗaya ita ce a shimfiɗa inuwa mai ɗigo-ɗigo, wadda suke kira ton, mai duhun kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, a bar haske a goshi da karan hanci da kunci. Idan duhun ya wuce haka, layukan fuska sukan nutse, murmushi da ɓacin rai su zama ɗaya. Hanya ta biyu ita ce a bar fatar fara, a bar hanci da leɓe da gashi su faɗi ko wane ne. Duk wadda ka zaɓa ka tsaya a kanta har ƙarshe. Ka zana mutanen gidanku da na layinku da yawa kafin ka fara, don kada hannunka ya riƙa komawa kan siririn hancin da ya saba kwafa.

Mataki na bakwai: fensir da tawada

Ƙwararrun Japan suna zane a takarda mai girman B4, wato milimita 257 da 364, da alƙalamin tsomawa. Kai ba sai ka jira wannan ba. Takardar A4, mai milimita 210 da 297, ta isa, idan za a buga a girman A5, wanda zai rage zanen zuwa kusan kashi 71 cikin ɗari, kuma ragewar takan ɓoye ƙananan kurakurai. Sai dai takardar fotokwafi ta yau da kullum mai nauyin giram 80 ba ta jure gogewa da tawada mai yawa, ka nemi mai kauri, daga 120 zuwa sama. Kana buƙatar fensir, da magogi mai laushi, da rula, da alƙaluman zane masu baki 0.1 da 0.3 da 0.5 da 0.8, da baƙin alƙalamin maka don cike wurare masu faɗi, da farin ruwan gyara. Shagunan kayan makaranta na wajen Terminus da titin Ahmadu Bello nan ne wurin fara nema. Idan ka yi zanen farko da shuɗin fensir mai haske, yana da sauƙin ɓacewa wajen sikan.

Ka bi wannan jeri a kowane shafi: iyakar akwatuna, sannan kumfar magana, sannan mutane, sannan bayan fage. Masu farawa sukan zana hoto ya cika akwati, daga baya su rasa inda za su sa magana sai a kan fuskar jarumi. Abin da ke kusa ka ba shi layi mai kauri, na nesa siriri. Ka bar tawada ta bushe sarai kafin ka goge fensir.

Yanayin Jos yana da nasa sharaɗi. Da hunturu alƙalami yakan bushe nan da nan idan ka bar shi a buɗe, kuma man da ka shafa don hannu ya daina tsagewa yana barin tabo a takarda wanda tawada ba ta kamawa, don haka ka sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka koyaushe. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, takarda tana shan danshi ta lanƙwashe, sai ka adana shafukan a leda tsakanin littattafai masu nauyi.

Wanda ya fi son na'ura yana da zaɓi. Ana amfani da ibisPaint da MediBang Paint a waya, Krita kyauta ce a kwamfuta, Clip Studio Paint kuma ita ce da yawan ƙwararru suke riƙe da ita, amma ta kuɗi ce. Ka buɗe shafin a ɗigo 600 a kowane inci idan baƙi da fari ne, ka ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yankan maɗaba'a. Ka riƙa adanawa a wuri biyu. Na taɓa rasa shafi 9 a dare ɗaya da wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, kuma ban sake zana su da kyau irin na farko ba.

Mataki na takwas: rubutu da amsa-kama

Kafin ka zaɓi salon haruffa a na'ura, ka gwada shi da ƙaiƙayi da ɗanɗano da ɓarawo, da manyan Ƙ da Ɗ da Ɓ. Yawancin salon haruffan da aka yi don labarin zane ba su da masu ƙugiya, sai ka ga akwati ya fito a gurbinsu, ko na'ura ta aro harafi daga wani salo ya tsaya kamar bare. Andika da Noto Sans suna da su duka. Idan rubutun hannunka yana da kyau, shi ya fi ba shafi rai. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a jefar da ƙugiyar, domin baki daban, baƙi daban, kuma a labarin da kalma take zama kuɗin fito wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Magana a kumfa ɗaya kada ta wuce kalma 20, idan ta yi tsawo ka raba ta biyu, ka kuma karanta ta da ƙarfi ka ji ko bakin mutum zai iya ɗaukarta.

Manga ta shahara da zana sauti a cikin hoto, har shiru ma yana da nasa rubutu. A wannan fage Hausa ba ta da abin jin kunya, domin amsa-kama ta cika mana baki. Faɗawa ruwa tsundum ce, faɗuwar kaya tim, mari tas, miƙewa zumbur, farkawa firgigit, cafkewa caraf, wucewa fyau, zubar ruwan sama shaa. Idan kasuwar inuwa ta ga baƙi ta yi tsit, ka rubuta tsit ɗin da sirirun haruffa a saman akwatin, idan ayari ya yi jugum bayan an biya fito, ka bar jugum ta yi nauyi a ƙasa. Ka zana su da hannu, siffar harafin ta bi sautin: mai kaifi da tsini, mai nauyi da kauri, mai sanyi da lanƙwasa.

Mataki na tara: sikan, bugu da yaɗawa

Idan a takarda ka yi aiki, ka kai a yi maka sikan a ɗigo 600, ka tsaya a kansu, domin yawancin shaguna sun saba da ƙaramin awo na takardun ofis. Daga nan ka gyara hasken a kwamfuta har fari ya zama fari, baƙi ya zama baƙi, sannan ka sa inuwa. Ka fitar da kwafi iri biyu. Na bugu ya riƙe ɗigo-ɗigonsa a ainihin girman da za a buga, domin idan aka rage ko aka ƙara girman shafi bayan an sa ton, sai wani zane mai kama da tabarma ya fito a kai. Na waya kuma ka mayar da inuwar ruwan toka kawai. WhatsApp yana matse hoto har ƙananan rubutu su dushe, don haka ka haɗa babin a fayil ɗin PDF ka tura shi a matsayin takarda. A Facebook ka sa lambar shafi da sunanka a ƙasan kowane hoto.

Littafin da ake ninkewa a ɗinke da ƙusar takarda a tsakiya, kowace takarda ɗaya tana ba da shafi 4, shi ya sa adadin shafuka dole ya rabu da 4, kuma shi ya sa muka zaɓi 32, wato takarda 8, ban da bango. Ka sa a buga maka kwafi ɗaya na gwaji, ka duba jerin shafuka da abin da wuƙa ta yanke, kafin ka biya kuɗin sauran. Ka fara da kaɗan. Idan kana son littafin ya shiga shaguna da ɗakunan karatu, lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya kuma tana karɓar rajistar ayyuka. Wannan kariya tana aiki ne ga abin da ka ƙirƙira, don haka kada ka ɗora takarda a kan zanen wani ka bi layinsa. Ma'aikatar harkokin wajen Japan tana da gasar manga ta duniya da ta kafa a 2007 domin masu zane na wasu ƙasashe, kuma gajeren babi kammalalle irin wannan shi ne abin da mutum zai iya tunkarar gasa da shi.

Kafin ka taɓa babi na biyu, ka buɗe littafin lissafi irin na malamin ayari. Ka rubuta wa ya biya fito a wace ƙofa, wace kalma ya bayar, me ke cikin kayan jaki, wane rauni ne bai warke ba, da abin da kowa ya sani game da gafakar. Duk lokacin da ka rubuta sabuwar magana a bakin Dung, ka duba littafin ka tabbatar ba ka mayar masa da kalmar da ya riga ya bari a hannun ɗan fito ba, domin akwai yarinya a unguwar Gangare da za ta lura, kuma za ta turo maka lambar shafin.